Malam Sharfuddeen Mai Walda, Wanda Ya Sa Wa Baburanmu Raga

Da hantsin ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, ina tsugune a kasuwar Babura ina duba buhun gero, Silvanus mai sayar da kayan mashin a Kazaure ya kira ni a waya. Mutumin da kullum sai ya tsokane ni kafin mu gaisa, ranar sai kawai ya ce, "Lado, Malam ya tafi." Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Malam Sharfuddeen mai walda ya rasu bayan jinyar kwana tara, yana da shekara saba'in da ɗoriya.

Ni ba marubuci ba ne. A aji huɗu na firamare ni da boko muka rabu ba tare da kowa ya yi kewar kowa ba. 'Yata Shahida ce ta bi wannan rubutu ta gyara, kuma ta ce kurakuran da ta tsince za su cika kwano. Amma ita ce dalilin da ya sa dole na rubuta, domin in don ta dabarata ce, da yau ba ta nan balle ta yi mini dariya.

Malam, ka tuna ranar da na fara zuwa garejinka? Na sayar da shanu na sayi wani ƙaton babur na hannu, irin na doguwar tafiya, mai akwatuna gefe da gefe da gilashin tare iska a gaba. Ni kuwa kowa ya san Allah bai wahalar da mai ɗinka mini wando ba. Idan na hau, ƙafafuna sai su riƙa lilo kamar na yaro a kan jaki. Muddin yana gudu ni sarki ne. Da zarar na tsaya, sai mu kwanta tare. Daga Babura zuwa Kazaure na faɗi sau uku, na huɗun kuwa a ƙofar garejinka, a gaban jama'a. Kowa ya yi dariya ban da kai. Ka taimaka aka ɗaga shi, ka zagaya shi sau biyu hannunka a baya, sannan ka ce:

"Wa zai riƙa zama a baya?"

Na ce, "Malam, na gaban ma bai zaunu ba tukuna."

Ka ce, "Na gaba shi ya zaɓi wahalarsa. Na baya nake tambaya."

Daga baya na gane cewa duk wanda ya kawo maka mashin sai ya amsa wannan tambaya, ko da fitila ya zo gyarawa.

Mu masu hawa manyan babura a wannan yanki ba mu da yawa, amma ƙorafinmu ya fi na gari guda. Duk Asabar muna taruwa a ƙarƙashin dalbejiyar garejinka, kowa da kukansa. Alhaji Sabiru na Gwiwa yana son a ƙera mai ribas, domin ya taɓa shiga lungu da shi sai da aka tara majiya ƙarfi aka ja shi baya. Silvanus yana cewa zafin injin yana gasa masa ƙwauri kafin ya kai Daura. Wani ya ce gilashin gaba ya yi gajere, iska tana dukan hular kwano har kunne ya toshe. Wani ya ce kujerar tana da laushi a awa ta farko, a ta uku kuwa sai ka rantse a kan turmi kake. Ni dai buƙatata ɗaya ce, a rage masa tsawo da nauyi, ko a ƙara mini ƙafa.

Kana zaune kana saurare, ba ka katse kowa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ba ka taɓa rubuta komai ba, amma bayan mako biyu mutum zai ga kukansa ya zama ƙarfe. Ka feƙe kujerata ka sake mata soso har tafin ƙafata ya san ƙasa. Ka lanƙwasa wa Silvanus farantin da ke kore zafi gefe. Ƙafar da ake jingine babur a kanta, wadda ke nutsewa cikin yashinmu, ka yi mata faffaɗan tafi kamar na raƙumi. Ka yi mana maƙalin buta da darduma, ka ce waɗanda suka ƙera mashin ɗin ba su san ana tsayawa azahar a hanya ba. Ribas ne kawai ya gagare ka. Ka ce wa Alhaji Sabiru, "Wannan sai dai ka daina shiga inda ba ka san mafita ba."

Na sha ganinka ka ɗora tafin hannu a kan tanki, injin yana aiki, idonka a rufe, ka faɗi abin da ke damunsa. A kwance a duba, a tarar haka ne.

Amma duk waɗannan a wurinka ƙananan ayyuka ne. Babban aikinka na mai zaman baya ne. Da ka ji cewa Shahida zan riƙa kaiwa makaranta a Kazaure, ka sa na kawo ta. Ka auna inda ƙafarta ke sauka, ka faɗaɗa matakin, ka yi mata majingina, ka rufe salansa don kada ta ƙone. Sannan ka ɗauko ragar ƙarfe ka rufe tayar baya da ita gefe biyu, tun daga ƙarƙashin kujera har kusa da ƙasa.

A nan ne wautata ta nuna kanta. Ragar nan ba ta da kyau, Malam, kai ma ka sani. Na shiga Babura da ita, 'yan kasuwa suka ce Lado ya sayi kejin kaji mai inji. Wani ya tambaye ni ko zabi nawa yake ɗauka. Ni da na sayi babur don a kalle ni, na kasa haɗiyewa. Na kwance ta na jefa a bayan rumbu. Da na dawo ka gani, sai ka ɗaura wata. Na sake kwancewa. A karo na uku sai ka zare makullin ka sa a aljihu, ka ce in zauna.

Ka aika aka sayo kabewa. Ka shiga gida ka fito da wani tsohon mayafi, ka naɗa shi a jikin kabewar kamar yadda mace ke yafawa, ka ɗora ta a kujerar baya, ka bar gefen mayafin yana reto. Aka ɗage tayar baya daga ƙasa, ka tada injin, ka sa giya. Ban ga lokacin da abin ya faru ba. Ƙara kawai na ji, sai ga kabewa a tarwatse a ƙasa, mayafin kuma ya nannaɗe a cikin taya kamar an tufka igiya.

Ka kashe injin. Ka ce, "Sunanta Dela. Shekararmu biyu da aure. A hanyar Roni ne, ina gaba ina ba ta labari, ban san ni kaɗai nake magana ba."

Mutanen da suka shekara ashirin tare da kai ba su taɓa jin wannan magana ba. Ka ɗauko ragar, wannan karon ba da noti ka ɗaura ta ba, walda ka yi mata. Ka miƙo mini makullin ka ce, "In za ka cire, sai ka zo da zarto, kuma ka zo da yarinyar ta gani."

Ni mai surutu, ranar har na isa gida ban ce uffan ba. Amarya, uwar 'ya'yana, ta ɗauka zazzaɓi ne.

Damina biyu bayan haka, na ɗauko Shahida za mu Roni sunan 'yar ƙanwata. Hadari ya taso, iska tana bugun mu ta gefe, ni kuma na ƙara wuta don mu riga ruwa. Sai na ji ta dafa kafaɗata da ƙarfi tana cewa, "Baba, tsaya! Baba!" Da na tsaya, na ga iska ta kwashe dogon hijabinta ta manna shi a jikin raga, tun daga sama har ƙasa. Leɓen da ya zarce ƙarshen ragar, wanda bai fi faɗin yatsu uku ba, taya ta tsinke shi ta tafi da shi. Sauran yana nan, wuyanta yana nan, tana tsaye tana kallona. Na zauna a bakin kwalta ruwa yana dukana. Ita ce ta riƙa ba ni haƙuri, tana cewa, "Baba, hijabi ne fa kawai."

Washegari na zo maka da shi. Na shirya dogon jawabi tun daga gida, da na gan ka sai ya gudu ya bar ni. Ka karɓi hijabin, ka duba inda ya yage, ka tsuguna ka auna ragar da yatsunka. Ka ce, "Laifina ne. Ta yi gajarta." A cikin makon nan ka aika wa duk wanda ka taɓa yi wa raga, daga 'Yankwashi har bakin iyaka, ya dawo da mashin ɗinsa a ƙara mata yatsu uku.

Ranar jana'izarka ban iya lissafa baburan da suka cika layinku ba. Manya irin namu kaɗan ne. Yawancinsu ƙananan mashinan 'yan acaɓa ne da na manoma, kuma kusan kowanne da mummunar ragar nan a tayar baya. Mata suka yi ta shiga gidan gaisuwa, da yawansu ba su taɓa ganin fuskarka ba, sun dai san abin da ke tsakanin mayafinsu da taya.

Da aka ɗauko ka, na kutsa na sa kafaɗa. Gajartata ta sa makarar ta karkata, aka janye ni a hankali, kuma ban yi musu ba. Ina biye a gefe sai na ga leɓen mayafin da aka lulluɓe makarar da shi ya sauko yana reto a iska. Ban san lokacin da hannuna ya kai ba. Na kama shi na cusa a ƙarƙashi, na riƙe shi a haka har bakin kabari. Ranar kai ne a baya, Malam, mu ne muke tuƙi.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi. Yadda ka tsare 'ya'yan mutane daga abin da ba su gani ba, Allah ya tsare ka daga azabar kabari, ya haɗa ka da Dela a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Fatu da 'ya'yanka, Sama'ilu da Sadiqa, da jikoki, da dukkan abokan zaman dalbejiya. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen. Sama'ilu, kai ka gaji garejin. Duk wanda ya zo, ko ni ne, kada ka taɓa masa ko noti sai ya faɗa maka wanda zai zauna a baya.

Lado Mai Gero, Babura