Rarar Kwanon Baba Daidai

Duk wanda ya taɓa kai gini linta a unguwar nan ya san Baba Daidai. Kafinta ne, gajere, mai furfura har a gira, kuma ba ya fara aiki a tsaye kamar sauran mutane. In ka kira shi ya yi maka ƙiyasin rufi, sai ya auna tsawo da faɗi da tsohon tef ɗinsa, sannan ya shimfiɗa buhun siminti a tsakiyar ɗakin, ya kwanta rigingine ya ƙura wa sama ido. Magina su yi ta dariya, wai tsoho ya zo barci ne a gidan mutane. Shi kuwa yana can yana kallon gajimare na ratsa ɗan filin saman da bango huɗu suka yanko masa, yana jera katako a zuci, yana shimfiɗa kwano falle bayan falle, kowanne ya ɗan hau gefen ɗan'uwansa, har saman ta rufe ruf a idonsa. Sai ya tashi ya karkaɗe riga, ya faɗi kwano bandir nawa, katako nawa, ƙusa nawa, da abin da za su ci.

Ranar gama aiki ba mai komawa kasuwa neman ciko, kuma abin da zai yi saura ko akurkin kaji ba zai rufe ba. Nan sunan ya samo asali, kuma yana jin daɗinsa fiye da yadda yake nunawa.

To amma a sana'ar nan rara ta kafinta ce. Mai gida yana cikin murnar sabon rufi, ba ya son tarkace a tsakar gidansa, sai ya ce a kwashe. Shi ya sa abokan aikin Baba suke ɗan sakin hannu in suna ƙiyasi, gidajensu kuwa ga su nan da kwano kala-kala kamar zanen gado. Nasa gidan kuwa kwanon da ya gada ne, tsatsa ta cinye shi, faci kan faci. Kuɗin aiki ba sa kwana a aljihunsa, daga abinci sai makarantar jikoki.

Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, ta san yoyon ɗakinta ɗaya bayan ɗaya. Da hadari ya taso za ta jera robobi da tukwane, kowanne a inda ya saba. Tana yi tana tsokanarsa.

"Malam, kowa ya rufe gidansa da kuskurensa. Kai ko sau ɗaya ba za ka yi mana kuskuren nan mu huta ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ke kika zaɓi mai lissafi."

"Na zaɓa, ga shi ina wanka a kan gado."

Shekara da shekaru haka suke, har shekarar da tari ya kama Iya ya ƙi sakinta. Likita ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki wata damina a ɗaki mai laima ba. Daga ranar Baba ya daina dariyar tsokanar, ko da yake ita ba ta daina yi ba. Tsoro ya shige shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman bene.

Ana cikin haka Mai Kemis na bakin titi ya kira shi. Baba ne ya rufe gidan mahaifin Mai Kemis tun shi Mai Kemis yana rarrafe, don haka bai ko nemi wani kafinta ya ji ta bakinsa ba. Baba ya auna, ya shimfiɗa buhu, ya kwanta. Saman ranar fes take, da shirwa guda tana shawagi. Ya jera katako, ya shimfiɗa kwano, ɗakin ya rufe daidai yadda ya saba. Sai dai bai tashi ba. Fallayen suka ci gaba da shimfiɗuwa a idonsa, suka tsallake katanga, suka bi ta saman layin masu walda da bishiyar mangwaron makaranta, a hankali, har suka sauka a kan ɗakin Iya suka rufe shi. Ya ga ta kwance a ƙasansu ba tari, robobin duk suna kife a waje.

"Baba, nawa za mu saya?" in ji Mai Kemis daga bakin ƙofa.

Baba ya faɗi adadi, har da na ɗakin Iya a ciki. Mai Kemis ya ce to, bai ƙara ko kalma ba.

Da aka gama aiki, sababbin fallaye suka yi saura jingine da bango suna ƙyalli. Mai Kemis ya dube su ya yi dariya.

"Yau dai tsufa ya taɓa lissafin Baba. Ba komai, kwashe ka tafi da su."

Baba ya so a ce zaginsa aka yi. Ya sa aka kai su gida, ya rufe ɗakin Iya da su a kwanakin da ta je jinya gidan 'yarsu. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma bai taɓa yin aiki yana kallon ƙofa ba sai shi.

Ranar da ta dawo, da la'asar hadari ya haɗu. Iya ta tashi tana jan ƙafa ta jera robobinta, ta zauna bakin gado tana jira. Ruwa ya sauko da ƙarfi, rufi ya ɗauki kiɗa, robobi kuwa shiru. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sabon kwanon. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, yana jiran murnar da ya hango tun yana kwance a kan buhu.

"Malam, saya ka yi?"

"Rara ce. Daga aikin Mai Kemis."

"Kai ne da rara?"

Baba ya kawar da kai. Ta san shi, ta san lissafinsa, ba ta buƙaci ƙari ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Ni fa da wasa nake yi maka," ta ce a hankali. "Duk shekarun nan da wasa nake. In mata suna nuna ɗakunansu, ni da kai nake taƙama."

Baba ya ɗaga kai ya dubi kwanon. Kowane falle ya sha ƙusa, ba mai mayar da shi inda ya fito. Ya shigo ya zauna kusa da ita, ruwa na ta zuba a waje, ɗakin a bushe, su biyu ba mai iya kallon sama.