Jirgin Maikano Mai Fomeka

Maikano masunci ne, kamar yadda ubansa da kakansa suka kasance. Lokacin da na dawo Wudil daga karatu a Ibadan, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika gari, na same shi inda na bar shi, a gindin gada, yana toshe jirginsa da tsumma da kwalta. Jirgin na maɗaci ne, kakansa ya sassaƙa shi, kuma shi kaɗai ne abin da gidan ya mallaka. Masassaƙan jirgi duk sun koma birni aikin gini. In wannan ya mutu, babu wani.

Kogin ma ya ja baya tun da aka tare shi da madatsa can sama. Amma akwai sauran gurbi mai zurfi wajen Lajawa inda tarwaɗa ke taruwa, kuma sai da jirgi ake isa.

Kowace Juma'a Maikano yakan kife jirgin a kan yashi ya sha rana, ya bi shi yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Inda itace ke da lafiya sai ya amsa kaf-kaf. Inda ya fara ruɓewa sai ya yi dum, nan zai kankare ya cike. Wuraren da ke cewa dum kuwa sai ƙaruwa suke yi.

Labaran mahauci, abokin wasansa kamar yadda mahauta da masunta suka gada, shi ya fara sa wa teburinsa fomeka a bakin titi, shuɗiya mai sheƙi. Ya watsa mata ruwa a gaban Maikano, ruwan ya gangare, ya shafe da hannu.

"Ka gani, sarkin ƙarni? Ko ruwa ya san abin zamani. Kai kuwa kana nan kana wanka a cikin akushin kakanka."

"Rufe mana baki, uban ƙudaje," in ji Maikano. Amma idonsa na kan teburin.

Da yamma ya tare ni. "Malam, kai da ka yi boko, da me ake yin abin nan?"

Na gaya masa abin da na sani: takarda ce mai kauri irin ta buhun siminti, ake jiƙa ta da wani ƙaro, a jera, a danne da zafi har ta zama kamar ƙashi. Na ce fuskarta ba ta shan ruwa, amma ban san yadda za ta yi da itacen da ke kwana a kogi ba.

Ya yi dariya har da tafi. "Takarda! Malam, ku komai takarda ne a wurinku."

Ya sayar da tarunsa babba, ya bar wa kansa ƙaramar koma, ya hau mota zuwa Kano ya dawo da falle biyu da gwangwanin gam. Matarsa Safara'u ta ce masa, "Maigida, taru ne fa ke ciyar da mu." Ya ce taru ba ya zuwa Lajawa da ƙafarsa. Ya shimfiɗa falle ɗaya a cikin jirgin, ɗaya a ƙarƙashi, ya bi gefuna da ƙananan ƙusoshi.

Ranar da ya tura shi ruwa, direbobi har tsayawa suka yi a kan gada suna kallo. Ko ɗigo bai shiga ba. Labaran ya leƙo yana ihu, "Kai, a kawo kofuna, ga teburin shayi yana iyo!" Maikano ya ɗaga masa tarwaɗa ya ce ta fi shi kyan gani.

Damina ɗaya ya yi cikin jin daɗi. Bai daina kife jirgin ran Juma'a ba, sai dai yanzu rana fomeka take duka, ba ta kaiwa ga itace. In ya ƙwanƙwasa, ko'ina amsa ɗaya yake ji. Ruwa kuwa ya bi ramukan ƙusa ya shige tsakani, ya zauna.

Wata safiya ya miƙe zai jefa koma, ƙafarsa ta burma. Ƙasan jirgin ya rabu da jikinsa gaba ɗaya. Ruwan wurin ko ƙugunsa bai kai ba, sai ga shi tsaye yana kallon ɓarɓashin maɗaci, baƙi, mai laushi kamar dusa, yana bin ruwa. Ya jawo abin da ya saura zuwa gaɓa. Fomekar ta tsage ta gefe, amma sheƙinta na nan.

Yanzu Maikano yashi yake loda wa tifa a cikin kogin da a da yake kamun kifi. Safara'u ta tare ƙofar akurkin kaji da guntun fomekar.

Rannan ina zaune wajen Labaran sai ga Maikano ya zo wucewa, shebur a kafaɗa, ƙafafunsa sun yi fari fat. Na jira in ji zagin da suka saba. Labaran ya ajiye wuƙa ya ce, "Sannu da aiki, Malam Maikano. Ya iyali?"

Maikano ya tsaya kamar yana jiran saura. Da bai ji komai ba ya ce, "Lafiya lau," ya wuce.