Direban Lefen Zongo

Duk matar da ta taɓa aurar da ɗa a Zongon Kwatano ta san Malam Nouhou. Gidansa na jikin namu, shi ya sa na fi kowa sanin ƙarar motarsa, wata doguwar mota da ta tsufa ta ƙi mutuwa. Sauran direbobi suna ɗaukar albasa da fasinja, shi kuwa abin da aka san shi da shi lefe ne. In yaronmu zai auri 'yar Lome ko ta Porto-Novo, akwatunan a motar Nouhou suke tafiya.

A wurinmu gwaggon ango ce take shirya lefe. Ita take kulle kowane akwati da kwaɗo, ta ɗaure makullan a bakin zanenta, kuma babu hannun da zai buɗe sai nata. In aka isa, dangin amarya sukan fara jan kwaɗon tun ba a gama gaisawa ba. Akwai wani direba da ya taɓa kai lefe da kwaɗo a ɓalle, aka nemi turmin atamfa ɗaya aka rasa, aure ya kusa watsewa. Har yau babu wanda ya tabbatar shi ya ɗauka, amma ko buhun gari mata ba su ƙara ba shi ba. Nouhou ya san labarin nan sarai, domin tashar su ɗaya.

Mutum ne mai sanyin da yake ba ni haushi. Ni in an taɓa ni sai unguwa ta ji, shi kuwa ko tayarsa ce ta fashe sai ya fara gyara zaman hularsa. A bayan kujerarsa akwai tabarma da butar shayi da ɗan murhun gawayi. Takardunsa kuma, daga permi, lasisin tuƙi ke nan, har asirans, wato inshora, suna cikin wata jakar roba da yake lallaɓawa kamar jariri. Bai yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, amma ba ya fashin zaman sandika, ƙungiyarsu ta direbobi, inda ake gaya musu abin da yake nasu da abin da yake na mai shinge. Kullum maganarsa ita ce, in an tsayar da kai ka tsaya, in an nemi takarda ka miƙa. In an ce ka yi laifi ka tambayi sunan laifin, in an riƙe permi ka nemi shaidar riƙewa. Bincike kuwa haƙƙinsu ne, sai dai a gabanka za a yi, kuma ba a ce a lalata kayan mutane ba. Na sha ce masa ya bar tuƙi ya buɗe makaranta.

Bara ne aka sa ni cikin masu rakiyar lefen Wassiou, ɗan ƙanin maigidana, zuwa Lome. Ni na shiga motar Nouhou tare da akwatuna. Gwaggon ango, Hajiya Assibi, ta ce ƙafarta ba za ta jure matsi ba, ta bi wata motar da sauran mata, makullai na bakin zanenta. Tun a cunkoson Godomey muka rabu da su. Daga baya muka ji sun tsaya a Comè cin ablo, wainar nan da ake turarawa, da soyayyen kifi, abin da Assibi ba ta taɓa wucewa ba ko gobara ake yi.

Muna dab da iyaka aka ɗaga mana hannu a wani shinge. Jami'in matashi ne, fuskarsa ba wasa. Ya duba takardu bai sami abin cewa ba, sai ya leƙa baya ya ga akwatuna sababbi fil, kowanne da kwaɗo. Ya ce a buɗe. Nouhou ya ce masa kayan aure ne, mai makulli tana tafe. Jami'in ya ce ya sha jin wannan zancen, kuma rabin kayan da suke kamawa da sunan biki ake wucewa da su. Ya kira abokin aikinsa, wannan ya taho da wani ƙarfe a hannu.

Bakina ya buɗe da kansa. Ban kai ga kalma ta biyu ba Nouhou ya ce, "Maman Farid, don Allah ki bar mini wannan." Sannan ya juya ga jami'in.

"Shef, ban hana ka dubawa ba, aikinka ne. Amma kayan ba nawa ba ne, amana ce, kuma mai su tana hanya. Ga permi, riƙe, ba inda za ni. Ta zo ta buɗe maka har ƙasan akwati. In kuma sai an ɓalle, to a rubuta cewa an ɓalle, da sunan wanda ya ɓalle, ni ma in sa hannu."

Jami'in ya dube shi, ya dubi ƙarfen. Ya ce to ya gyara fakin a gefe, shi ba ya sauri, ko gobe ne yana nan. Nouhou ya yi godiya, ya matsar da mota ƙarƙashin wata bishiya, ya shimfiɗa tabarma ya hura gawayi. Ni ina ta kiran Assibi a waya, tana cewa ga su nan, ina jin ƙashin kifi a bakinta. Nouhou ya zuba shayi ya aika wa masu shinge, ya miƙo mini nawa. A nan na gane hankalinsa ba a kwance yake ba. Nasa kuwa ya ajiye a gefen tabarma bai taɓa ba. Tausayinsa ya kama ni.

Da rana ta fara karkata motar su Assibi ta iso. Ta sauko tana ɗingishi, aka gaya mata halin da ake ciki. Ta ce, "Lefe yake so ya gani? To zai gani yadda ake ganinsa." Ta sa aka jera akwatuna a kan tabarma, ta kwance bakin zane, ta yi bisimilla, ɗaya daga cikin matan ta rangaɗa guɗa. Sai ta shiga ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunansu, leshi da shadda da atamfa da mayafai, har da inda aka sayo kowanne. Masu sayar da burodi da ayaba na bakin hanya suka kewaye mu suna yabawa. Jami'in ya tsaya yana dubawa da gaske, yana sa hannu a kusurwa. Da aka zo akwatin ƙananan kayan amarya ne ya kawar da kai ya ce ya isa. Assibi ta ce, "A'a ɗana, kai ka nema, saura biyu." Abokan aikinsa suka yi ta dariya, shi ma ya kasa riƙe tasa. Ya duba sauran, ya mayar wa Nouhou perminsa da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya. Assibi ta kulle komai da hannunta.

A Lome, gwaggon amarya, wata dattijuwa mai suna Labiba, ta bi akwatunan tana jan kowane kwaɗo. Assibi ba ta ɓoye ba, ta ce an buɗe a hanya, amma ita ta buɗe ita ta rufe. Labiba ta tambayi wa ya tuƙo. Aka ce Nouhou na Zongo. Ta ce, "To ku zauna ku sha ruwa, kayan sa jira."

Na fito na sami Nouhou a jikin motarsa, an kawo masa abinci ya rufe bai ci ba.

"Ta ja?" ya tambaye ni.

Na ce ta ja.

"Duka?"

Na ce duka, kuma da ta ji sunansa ko leƙawa ba ta yi ba.

Ya gyara zaman hularsa, ya jawo kwanon ya wanke hannu.