Jarumai Biyu a Littafin Kawu

Jiya na sayi ƙosai a tashar jirgi, aka naɗe min a takarda mai zanen mutum yana tashi sama. Ƙosan nan bai ciwu ba, don Kawu ya faɗo min a rai.

Yana da wani littafi mai irin zanen nan. Wani Bature ne ya manta shi a tarago lokacin da Kawu ke sharar jirgin Zungeru, duk warin kwal da taba ya kama shi. Jarumai biyu ne a ciki. Ɗaya yana tashi sama da murmushi, ɗayan kuwa baƙaƙen kaya, fuska a murtuke. Kawu bai yi boko ba, da yatsa yake bin zanen.

"Ga ki nan," in ji shi, yana nuna murtukakken. "Ni ne ɗayan. Duk masifarsa bai taɓa rabuwa da abokinsa ba."

"Kawu, ƙarya ce. A shafin ƙarshe ai murtukakken shaƙe abokin nasa ya yi."

Ya rufe littafin. "To, koyo karatu ki faɗa min ko sun shirya."

Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, a zatona boko duk ɗaya ne. Hausa aka koya mana, littafin kuwa Turanci. Kafin in samo mai karanta mana, Kawu ya rasu. Gara ta cinye littafin.

Har yau ban san ko sun shirya ba. Ni ma ban janye kalmar nan ta "ƙarya" da na faɗa masa ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya yafe min kafin ya tafi.