Lahasan Bu'azza, Wanda Takarda Ta Rage wa Shekara Biyar

An haifi Lahasan Bu'azza a shekarar 1975 a wani ƙauyen kan dutse kusa da garin Tarudant, ɗa ga Mubarak manomin zaitun da Izza masaƙiya. Saboda nisan ofishin hukuma, sai bayan shekara biyar mahaifinsa ya yi masa rajistar haihuwa, magatakarda kuwa ya rubuta abin da ya fi masa sauƙi, wato 1 ga Janairu, 1980.

Karatu da Aure

Ya shiga makaranta yana kere wa 'yan ajinsa tsawo, ya kammala karatun ƙididdiga a 2003, sannan ya auri Rakiya 'yar kawunsa a 2005.

Aiki

A 2012 ya tattara katunan marasa lafiya na asibitoci goma sha ɗaya, ya gano cewa hawan jini da ciwon sukari sukan yi wa mutanen yankin illa a ɓoye tun daga shekara arba'in. Bisa wannan hujja ya kafa tsarin da ke aika wa duk wanda ya cika arba'in saƙon waya, ya zo a auna shi. Ɗaruruwan mutane suka tsira daga shanyewar jiki.

Mutum ne mai bin ƙa'ida har ta zame masa aibi. Da ciwon kai ya matsa masa a 2019, Rakiya ta ce, "Baban Yasin, ka auna duk gari, kai wa zai auna ka?"

Ya ce, "Haba Rakiya, ni yaro ne a takarda! Na hana ƙanen shugaban ƙauye tsallake layi, sai ni in tsallake? Zuba mini shayi, Janairu kamar gobe ne."

Rasuwa

Ranar 9 ga Disamba, 2019, jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa yana bakin aiki, ya rasu kafin la'asar. Aka yi masa sutura a ƙauyensu, kusa da kabarin mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Yasin, Sukaina da Idir.

Abin tausayi, da safiyar 1 ga Janairu wayarsa ta yi ƙara a hannun Rakiya. Ta buɗe, ta karanta kalmomin da shi kansa ya tsara: "Ka cika arba'in. Zo a auna ka tun lokaci bai ƙure ba."

Allah ya jiƙansa da rahama.