Ba Wasan Angona Ne Ya Kayar Da Ni Ba

Don Allah ku tsaya ku ji ni yanzu, tun bakin nan yana yarda ya yi magana. Ni ce Iya Abu ta Paki. Ban iya rubutu ba, 'yata Talatu ce ke danna waya ina faɗa mata. Talatu, yadda na faɗa za ki sa, kar ki gyara min.

Tun damina kuka daina jin ɗuriyata. Ina kwance ne. Yanzu kuma na ji ana yawo da magana wai wasan jikana ne ya shanye min jiki. In maganar nan ta riga ni zuwa kunnensa, na san halinsa, zai ajiye wasan ya taho gida. Shi ya sa nake sauri.

Sunusi ɗan marigayi ɗana ne, a hannuna ya tashi. Angona nake ce masa. Da buhunan masara yake ɗauka a kasuwar Hunkuyi, wasu suka ga ƙirarsa suka ja shi wasa a Zariya, daga nan har ƙasar Turawa. An ce min ƙwallo yake bugawa ana biyansa, ƙungiyarsu tana aji na biyu, in sun yi ƙoƙari bana a hau da su cikin manya. Ni a zatona irin ta yaran unguwa ce. Babu wanda ya ce min zari-ruga ce, wadda ake rungumar ƙwallon a gudu, ƙarti su bi mutum.

Ciwon ya daɗe yana min sallama. Ƙeyata ta yi nauyi, idona ya yi duhu in na sunkuya. Sai in ce rana ce, in aika kemis a sayo na ciwon kai.

Ran nan ina shanyar barkono a tsakar gida, maƙwabciyata Lami ta shigo da gudu tana murna. "Iya, ga angonki a waya!"

Na karɓa. Innalillahi.

Na ga Sunusi yana gudu, wani ƙaton Bature kamar bijimi ya ɗauke shi ya maka da ƙasa. Sai ƙarti suka yi ta faɗowa a kansa, nasa da waɗanda ba nasa ba. Jama'a cike da fili suna ihu suna tafi, babu mai raba su. Da suka tashi, jini a goshinsa.

Na ce, "Lami, me ya sata?"

Abin da na sani na ƙarshe ke nan. An ce cikin barkonon na faɗi.

A asibitin Ikara suka ɗaura min abin awo a hannu, nas ta kalli Talatu ta ce a wuce da ni Zariya yanzu. Can suka tura kaina cikin wata na'ura mai ƙugi, wai hoton ƙwaƙwalwa. Na zaci kabarina ne, ina ta salati a zuci. Hannun dama ya mutu, ƙafa ta mutu, baki ya karkace. In ce ruwa, sai wani abu daban ya fito. Ni da na yi wa mutane wanka, ni ake wa wanka. Akuyoyina duk suka tafi a magani da hoto.

Likitan ya ce wa Talatu, "Jinin Mama ya yi shekaru yana hawa. Ko ba ta ga komai ba, ranar nan tana tafe." Ku riƙe wannan maganar, ita ce gaskiya.

Sunusi fa? Ashe ɗinki kawai aka yi masa, sati na zagayowa ya koma fili. Muka ɓoye masa. In ya kira, Talatu ta ce ina Saulawa wurin ƙanwata, babu sabis. Sai ya riƙa turo murya. Wata rana ta kara min a kunne, na ji yana cewa, "Amarya, shiru haka? Ko kin yi sabon miji ne a Saulawa?"

Na ce, "Ja'iri."

Kalmar da ta fara fita daidai ke nan. Talatu ta fashe da kuka, matar gadon kusa da ni tana ta dariya.

Daga nan aka shiga gashi. Kullum a miƙe min hannu, a ba ni wani ƙwallon roba in matsa. Na ce oho, ni ma an sa ni a ƙungiya. Yau ina kai loma bakina da kaina, ina zuwa banɗaki da sanda.

Lami ta yi ta kuka tana cewa ita ta jawo. Ba ke ba ce, Lami. Da na warware na sa ta nuna min ƙarshen wasan, ina leƙe ta tsakanin yatsu. Wallahi ƙaton nan da ya kayar da shi, shi ne ya rungume shi suna dariya. Har yau ban gane ba, kuma har yau gabana faɗuwa yake.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Lami da ta yi ta kawo kunu har Zariya. Ku kuma, in ƙeya ta yi nauyi ku je a auna jininku. In an ba ku magani kar ku daina don kun ji sauƙi. In baki ya karkace, a nemi mota nan take, a yi addu'ar a hanya. Kuma kafin ku miƙa wa tsohuwa waya, ku fara faɗa mata abin da za ta gani.

Jiya su Sunusi suka buga wasan ƙarshe na bana. Ba su hau ba, an ce sai baɗi. To ina so ya buga baɗin.

Talatu, tsaya, kar ki tura tukuna. Kira min Sunusi, irin kiran da ake ganin fuska. Gyara min ɗankwali. Shi zai fara ji, kuma daga bakina.