Bammin Baba Dika

Ni tela ne a Fagge, sunana Modu, kuma ban taɓa kai bammi bakina ba, kada wani ya tashi yi min wa'azi. Farfesun kan akuya ke kai ni Sabon Gari duk Lahadi bayan azahar, shekara ashirin da wani abu ke nan, gidan abincin Baba Dika.

Sunansa Onyedika, mu muka gutsure shi. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Wurin nasa rumfar kwano ce a bayan gida, teburi shida da bishiyar mangwaro. In an taso daga coci sai ka ga mutum da matarsa da 'ya'yansa, yara na shan lemo, manya na shan bammi, kowa hannu dumu-dumu da romo. Akuyarsa kuwa sai wadda mahauci Musulmi ya yanka, shi ya sa irinmu ke ci hankali kwance.

Abin da ya yi masa suna shi ne ɗanɗano. Bammi ba ya kwana, na yau daban, na jiya ya yi tsami, ga masu ha'inci da ke ƙara ruwa da sakarin, sinadarin nan mai zaƙi. To duk jarkar da motar safe ta kawo masa daga Kudancin Kaduna, sai ya zuba a ƙoƙo ya kurɓa a gaban jama'a. In ya gyaɗa kai, a sha. In ya yamutsa fuska, kwata za ta sha, ko jarka nawa ce. Na sha ganin direba yana rantse-rantse, Baba Dika na tuttular da ita ko kallonsa ba ya yi.

Bara waccan hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, ƙafa ta dawo, hannu ya dawo. Wata Lahadi ya ja ni gindin mangwaro ya ce, "Malam Modu, harshena ya mutu. Suga da gishiri duk ɗaya nake jin su."

Na ce, "Subhanallahi! Ka gaya wa Kosi?"

Kosisochukwu 'yarsa ce, ita kaɗai ya haifa, tana aure a Kudu. Tun rasuwar uwarta take matsa masa ya rufe rumfar ya koma wurinta.

Ya ce, "In ta ji, gobe za ta zo ta kwashe ni. Me na sani a can? Sau huɗu na je a rayuwata, duka jana'iza."

Sai ya ci gaba da yi kamar da. Ya zuba a ƙoƙo, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Yana duba kumfa, yana sunsunawa, sauran ya bar wa Allah. Ni ina kusurwa ina kallo. Na ce masa ya nemi wani ya riƙa ɗanɗana masa a ɓoye. Ya ce shekara arba'in bai ari bakin kowa ba. Taurin kai dai, wallahi, kamar na akuyoyin da yake dafawa.

Wata bakwai yana haka. Masu kawo masa kaya ba wawaye ba ne, sun lura an daina zubar da jarka.

Ranar da abin ya faru ina wurin. Kelechi, wani mai shagon kayan mota da ya taso yana cin abinci a rumfar tun yana ƙarami, ya kawo surukinsa, dattijo daga Kudu, da iyali kusan mutum goma. Tun daga ƙofa yake cika baki cewa yau surukinsa zai sha bammin da ko a ƙauyensu babu irinsa. Baba Dika ya fito da sabuwar jarka, ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na yau ne, da ransa." Ya miƙa wa dattijon da hannu biyu.

Dattijon ya kurɓa, ya juya ya tofar a ƙasa. Ya goge baki ya ce ruwa ne da sakarin, kuma ya kwana biyu.

Kelechi ya karɓa ya ɗanɗana. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Kallon Baba Dika kawai ya yi da tausayi. Wata mata ta ture kofinta a hankali, ta ce ai ita ta daɗe tana jin abin ya canza, kunya ce ta hana ta magana.

Kafin sati ya zagayo labari ya kai wa Kosi. Ta zo ta sayar da teburan, ta yanki tikitin mota na ranar Litinin, za ta tafi da shi.

Lahadin ƙarshe ya aika a kira ni. Rumfar wayam, sai benci ɗaya. Ya dafa min kan akuya da hannunsa, ya zauna yana kallona. Gishiri ya yi yawa har leɓena na zafi, yaji kuwa ya manta da shi gaba ɗaya. Na cinye tas, na suɗe ƙashi, na ce, "Baba Dika, yau ka ƙure, ban taɓa cin irinsa ba."

Ya dubi kofin da ke gabana. Sannan ya ɗauki kwanon ya ce, "Kofi huɗu na ruwa ka sha, Malam Modu, ina ƙirgawa. Kai ma ka fara yi min ƙarya."

Da safe ban iya zuwa tasha mu yi sallama ba.